Masaukin Iyali a Ankara

Duk lokacin hutun makaranta, magidanta sukan zo wurin Sarkin Zango neman takardar da za ta sama musu masauki a Nima ko Mamobi. Ni nake rubuta ta, shi ya sa na san nauyinta.

A zamanin fataucin goro, mai masauki yana da gida da zaure, kuma yana cin la'ada. Yau ɗan'uwanka na Ankara ɗaki ɗaya yake haya, ruwa ma saye yake yi. Ka sauka masa da mata da 'ya'ya huɗu, kunya ba za ta bar shi ya ce uffan ba, amma bayan tafiyarka bashi zai ci.

Shawarata ga mai kwana uku: ya kama ɗaki a ƙaramin masauki kusa da Nima, inda tuwo da wake da shinkafa suke da araha, masallacin ƙasa na Kanda kuma ana zuwa a ƙafa. Daga Kumasi ya hau VIP ta asuba, ya sauka Circle da rana. Cikin gari trotro ta wadatar, tasi sai dare. 'Yan'uwa kuwa a kai musu gaisuwa da tsaraba, a ci abinci tare, a koma masauki kafin isha'i.