Jar wutar telebijin

Ni mai gyaran telebijin ne a Maradi. Da can masu ƙaton baya muke gyarawa. Yanzu kuwa marar kauri, wadda ake ratayawa a bango, ita ta cika gari. Ciwon da aka fi kawo mini shi ne wannan: ƴar jar wuta tana kamawa a ƙasan gilashi, amma ba hoto, ba magana.

Da mutum ya ga haka sai ya ce ta mutu. Wani ma har ya sayar da ita arha ga masu sayen tarkace. Abin yana ba ni haushi, don jar wutar nan alamar rai ce.

Ga yadda abin yake. Kuran da ke shigowa gida bolti 220 ne. Ya yi wa tele yawa. Akwai wani allo a cikinta mai rage shi, kuma aikinsa kashi biyu ne. Ƙaramin sashe ba ya barci. Shi ke kunna jar wutar, yana jiran telekomandi. Babban sashe shi ke ba fitilun gilashi da lasifika ƙarfi. In jar wuta ta kama, tele ba ta tashi ba, to ƙaramin yana aiki, babban ne bai amsa kira ba.

Kafin ka zo wurina, canza batirin telekomandi. Danna maɓallin jikin telen. Cire waya daga bango, ka jira minti biyu, ka mayar. Dubi ƙwan ɗakinka kuma. In ya dushe, kuran ne ya yi rauni, ba laifin tele ba ne.

In duk wannan bai yi ba, tsaya nan. Kada ka kwance bayanta! Akwai wani babban kondansater da ke riƙe bolti wajen 300, ko an cire waya. Yana iya kashe mutum.

Sau da yawa abin da nake iskewa ƙananan kondansater ne, masu kama da ƴan gwangwani. Zafi ke cinye su. Zafin Afrilu da Mayu, ga ƙura ta toshe ramukan iska, ga tele manne da bango. Sai kansu ya kumbura. Kuɗinsu kaɗan ne, aikin kuma bai kai yini ba. Amma fa ba kullum ba. Wani lokaci babban allon mai sarrafa hoto ne ya lalace. Wannan yana da tsada, kuma nakan faɗa wa mai ita gaskiya tun kafin in taɓa.

In jar wutar tana ƙyaftawa, ƙidaya ko sau nawa take yi kafin ta huta. A wasu tele, kamar Sony, wannan lissafin ke nuna inda ciwon yake. Rubuta shi a takarda, ka zo da shi.