Daga Badarawa Zuwa Bajekolin Kano Cikin Hazo

Da asuba muka bar Badarawa, ni da yayana, da buhunan shinkafa 'yar gida da jarkokin man gyaɗa, za mu bajekolin Kano. Farkon Disamba ne, hunturu ya kankama. Har muka wuce Ƙauran Namoda direba bai kashe fitila ba, don hazo ya shafe hanya. Muka bi Gusau da Tsafe, muka karya kumallo a Funtuwa, sannan muka yanki Malumfashi da Gwarzo. La'asar sakaliya muka iso filin da ke titin Gidan Zoo, inda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shirya bajekolin duk shekara, gashin idon kowa ya yi fari.

Maƙwabcin rumfarmu wani dattijo ne mai sayar da shadda. Da ya ga ina kallon yadda yaransa ke ta hidima da bokiti, sai ya ce, "Ɗana, ƙura iri biyu ce. Ta sama sai haƙuri. Ta ƙasa kuwa ƙafafunmu ke tayar da ita, ita ke cinye riba."

Ta saman daga nesa take. Mafi yawanta iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, kuma in ta yi kauri har jirage takan hana sauka a filin Malam Aminu Kano. Iyakar dabara ita ce a juya mata baya: dattijon ya toshe ɓangaren da iskar ke bugowa da tamfol, ya bar ƙofa ta ɗaya gefen.

Ta ƙasan ce ke da magani, kuma a nan na ga aiki. Tun kafin a buɗe ƙofa 'yan ga-ruwa sun iso. Ba a sa tsintsiya sai an yayyafa ruwa, domin busasshiyar shara tayar da ƙura kawai take yi, ta sauko kan kaya. Yayyafin ma kaɗan-kaɗan ne, a kai a kai. In aka kwarara sai taɓo, in ya bushe ƙafafu su niƙe shi ya fi na da laushi. Tsumma mai danshi ake shafa wa kanta, ba a kaɗe ta. Bakin rumfa an shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, kowa ya taka kafin ya hau tabarma. Kafinta kuwa can waje yake yanke katakonsa ya gama, sannan a shigo da kaya. Manyan kamfanoni kafet suke malalawa, ana zuƙe shi da inji bayan an tashi, amma hikimar ɗaya ce.

Na ce, "Baba, duk wannan don shadda?" Ya nuna ƙirjinsa bai ce komai ba.

Bazamfare ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A 2010 ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016 daga Zurmi ya fara, maƙwabtanmu, kuma ciwo ne da ke bin rani, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke farfasa hanci da maƙogwaro. Ƙurar bajekoli ba dafin dalma ba ce, amma mai asma da tsoho da jariri a goye duk ita suke shaƙa wuni guda a cikin cunkoso.

Muka bi sahu: muka rufe buhunanmu da leda, muka zuba samfuri a kwalba mai murfi, muka haɗa kuɗin ruwa da rumfunan layinmu. Mai saye yakan daɗe inda ba ya tari, wanda ya daɗe kuwa da wuya ya fita hannu rabbana.

A hanyar komawa yayana ya ce zai kai maganar gaban shugabannin layinsu a kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Ba kayan waje ake nema ba: ruwa ne, da buhu, da yardar maƙwabta kowa ya yayyafa gabansa.