Shafin da Aka Rataye a Bango

Ina aji biyu a makarantar sakandare ta kwana malaminmu na zane ya kama ni da littafin Tintin a ƙarƙashin tebur. Wani yayana ne ya sayo mini shi a wajen masu tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, bangonsa ya riga ya tafi, an ɗinke shi da zare. Malam bai doke ni ba. Ya ɗaga littafin sama yadda kowa zai gani, ya ce wannan abin yara ne da ragwayen karatu, wanda kuma yake son ya zama mai zane na gaske sai ya zauna ya koyi zana tulu da inuwarsa. Ya jefa shi cikin aljihun teburinsa, ban sake ganinsa ba. Abin da ya fi damuna a yau shi ne na yarda da maganarsa. Na yi kusan shekara ashirin ina karanta irin waɗannan littattafai kamar mai satar nama a tukunya.

Abin da nake magana a kai shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera zane-zane a cikin akwatuna, ɗaya na bin ɗaya, da magana a cikin kumfa bisa kawunan mutane. Masu jin Turanci suna ce masa komik, Japanawa manga. Zan kira shi labarin zane. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masana a Turai da Amurka ita ce: ko ya cancanci a rataye shi a manyan zaurukan fasaha, irin su Louvre ta Paris da Tate ta Landan da MoMA ta New York, kafaɗa da kafaɗa da zanen manyan gwanaye?

Tambayar ta same ni ne ba shiri, lokacin da karatu ya kai ni Landan. Na shiga Tate wata ranar Asabar don in guje wa ruwan sama, sai ga ni gaban wani zane mai faɗin kusan mita 4, jirgin yaƙi ya harbo wani jirgin, wuta ta tashi ja da rawaya. Shi ne Whaam!, wanda Roy Lichtenstein ya zana a 1963, Tate kuma ta saya a 1966. Da farko daɗi ya kama ni. Ga abin da malam ya ƙwace mini an yi masa ɗaki guda, manyan mutane suna tsaye gabansa sun yi shiru. Sai daga baya na san cewa Lichtenstein ya ɗauko siffar ne daga wani akwati guda a mujallar yaƙi ta All-American Men of War ta 1962, wanda wani mai zane, Irv Novick, ya yi. Na daɗe da sanin sunan Lichtenstein kafin in taɓa jin na Novick. A 2017 an sayar da wani zanen Lichtenstein mai wannan salo, Masterpiece, dala miliyan 165, alhali su Novick kuɗin shafi ake biyansu, an biya an gama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cikin masu cewa Lichtenstein ɓarawo ne kurum. Ya sauya tsarin hoton, ya rage abubuwa, ya ƙara girma, ya mai da ɗige-ɗigen injin buga jarida abin kallo a kansu, kuma ya tilasta wa mutane su dubi abin da suke jefarwa a shara. Sai dai abin da ya shiga zaure ta hannunsa kamannin labarin zane ne. Masu sana'ar an bar su a waje. A 1990 MoMA ta shirya babban baje koli kan dangantakar fasahar manya da ta talakawa, ta kuma nuna labaran zane a matsayin rijiyar da manyan masu zane suka ɗebi ruwa. Art Spiegelman ya mayar da martani da shafi guda na labarin zane a mujallar Artforum, yana yi musu ba'a. A ƙarshen shekarar da ta biyo baya MoMA ɗin nan ta baje shafukan littafinsa Maus, labarin yadda mahaifinsa ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda ya zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi. A 1992 littafin ya sami lambar yabo ta musamman ta Pulitzer.

Raina sana'ar bai tsaya ga zaurukan fasaha ba, har a gidanta ma haka take. Shekaru da yawa kamfanonin Amurka suna ɗaukar shafin da mai zane ya yi da hannunsa a matsayin kayan aikin ɗab'i: a ɗauki hotonsa, a buga, sannan a jibge shi a ɗakin ajiya, ko a kyautar, ko a yayyaga. Jack Kirby, wanda da shi aka ƙirƙiro Captain America a 1941 da Fantastic Four a 1961 da Black Panther a 1966, sai da ya yi doguwar jayayya da Marvel kafin a 1987 a mayar masa da kusan shafi dubu biyu, daga cikin fiye da dubu goma da ya zana musu.

Faransa da Beljiyam sun bi wata hanya dabam. Tun cikin shekarun 1960 masu sharhi a can suka fara kiran labarin zane "fasaha ta tara", a jerin da ya haɗa da gini da sassaƙa da kiɗa da silima. A 1967 aka yi masa babban baje koli a gidan adana kayan ado na Paris, a 1974 aka fara bikin shekara-shekara na garin Angoulême, a 1989 aka buɗe masa cibiya ta kansa a Brussels, a 2009 kuma Louvre da kanta ta baje shafukansa. Kasuwa ta biyo baya. A Janairun 2021 aka yi gwanjon wani zane da Hergé, mahaliccin Tintin, ya yi a 1936 don bangon littafinsa na Le Lotus bleu, aka saye shi kusan yuro miliyan 3.2.

Idan tambayar ita ce ko masu wannan sana'a sun kai, to an daɗe da amsa ta. Wanda ya dubi yadda George Herriman yake tsara shafin Krazy Kat, ko yadda Hergé yake zana dusar ƙanƙara da layi biyu ko uku, ya san hannun gwani ya gani. Wahalar tana wani wuri, kuma wancan gwanjo ya nuna ta. Zanen da aka saya da tsada haka hoto ne guda, ba shi da na gaba, ba shi da na baya, kamfanin ɗab'i ma bai yi amfani da shi a lokacin ba saboda tsadar buga launukansa. Wato abin da duniyar zaure ta fi darajantawa a aikin Hergé shi ne wanda ya fi kama da abin da ta saba ratayewa.

Labarin zane kuwa a tsakanin hotuna yake rayuwa. A akwati na farko mutum ya ɗaga sanda, a na biyu kare yana gudu. Babu inda aka zana bugun, amma mai karatu ya gan shi, domin shi ya yi shi da kansa a cikin ɗan farin kwararon da ke raba akwatunan biyu. Scott McCloud ya gina wani muhimmin sashe na littafinsa na 1993, Understanding Comics, a kan wannan kwararo. Sannan akwai juya shafi. Hergé, da yake kashi-kashi ake buga labaransa a mujalla, ya ƙware wajen ajiye abin tashin hankali a akwatin ƙarshe na ƙasa, yadda sai ka juya kafin numfashinka ya dawo. Girman akwati shi ne tsawon lokaci, faɗinsa shi ne shiru. Duk wannan aikin hannun mai karatu ne da idonsa, a zaune, littafi a kan cinya. Idan aka zare shafi na 28 aka sa shi a firam, aka kashe masa na 27 da na 29, mutum zai tsaya taku biyu daga gare shi ya yaba kyawun layi, amma bai karanta komai ba.

A nan tulun malam ya dawo mini. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta koyi ginin tukwane a gargajiyar Gbagyi, ta kuma shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. A can aka riƙa shafe randunanta da sinadarin ƙyalli, ana gasa su a wuta mai tsananin zafi, aka kai su Landan aka baje. Sunanta ya zagaya duniya, kuma ta cancanta. Amma randa tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsatsafo da danshi, iska tana busarwa. Wadda aka shafe ta daina tsatsafowa, ta kuma yi nauyi. Ta zama abin kallo na ban mamaki, ta bar aikin da aka san randa da shi. Shafin labarin zane a bango haka yake.

Da wannan hujja na daɗe ina cewa a bar labarin zane a ɗakin karatu, a bar bango ga masu bango. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne ganin shafin asali ido da ido. A littafin da aka buga komai sumul yake, kamar daga sama ya faɗo. A shafin asali kuwa, wanda galibi ya fi na bugawa girma, ana ganin shuɗin fensir a ƙarƙashin tawada, da farin fenti inda aka goge hannu aka sake zana shi, da 'yar takardar da aka manna a kan maganar da aka sauya, da rubutun gaggawa a gefe zuwa ga mai ɗab'i. Mutum ne ya zauna da daddare, lokaci yana ƙure masa, yana yanke shawara ɗari a shafi guda. Wannan littafi ba ya iya nuna shi, bango ne kaɗai yake iyawa. Kuma bango yana zuwa da abubuwan da sana'ar ta daɗe tana rasawa: suna a rubuce a ƙarƙashin aiki, ɗakin ajiya mai kariya daga danshi da gara, da farashin da zai sa kamfani ya yi tunani kafin ya yayyaga takarda.

Sai dai bango yana zaɓe, zaɓen kuma yana zama tarihi. Babban baje kolin gwanayen labarin zane na Amurka da aka yi a Los Angeles a 2005 ya tsayar da mutum 15, babu mace ko ɗaya. Firam kuma yana iya wanke abin da bai kamata a wanke ba. Hannun da ya zana dusar Tibet shi ne ya zana Tintin a Kwango a farkon shekarun 1930, inda 'yan Afirka suka fito da manyan leɓɓa da hankalin yara. Akwati guda daga wannan littafi, a ƙarƙashin fitila mai kyau, zai iya wucewa a matsayin kyakkyawan layi. Wanda ya karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe ba za a ruɗe shi haka ba. Ni da na girma da Tintin, karatu ne ya nuna mini wannan, kallo ba zai nuna mini ba.

Baje kolin da ya fi kusa da abin da nake so shi ne na manga da gidan tarihi na Birtaniya ya yi a 2019. An rataye shafukan asali, an kuma koya wa baƙi yadda ake bin akwatunan, sannan a tsakiya aka kafa kantoci cike da littattafai, kowa ya ɗauka ya karanta. Manga daga dama ake fara shi zuwa hagu. Na ga Turawa suna jujjuya littafi suna neman farkonsa, ni kuwa da na fara karatu a kan allo hannuna ya san hanya. Na zauna na karanta, sannan na koma gaban bangon, sai shafukan suka zama wani abu dabam, domin yanzu na san abin da ya gabace su da abin da ke biye.

Matsayina ke nan, mai karatu. Labarin zane yana da haƙƙin shiga zauren fasaha, zauren ma shi ake bi bashi. Amma ya shiga da sharuɗɗansa: a rataye shafuka a jere yadda za a iya bin labari, a rubuta sunan kowa da ya sa hannu, har mai tawada da mai rubuta haruffa, a kuma ajiye littafin da kujera a kusa. Wannan magana za ta shafe mu nan gaba kaɗan. Akinola Lasekan ya yi zanen fenti, ya kuma yi zanen siyasa a jaridar West African Pilot. Marguerite Abouet ta Kwaddibuwa ta ci lambar littafin farko a Angoulême a 2006 da Aya de Yopougon, wanda Clément Oubrerie ya zana. Ranar da zaurukanmu za su waiwayi irin waɗannan ayyuka, ina fata shafukan asali suna nan ba a kunna wuta da su ba.

Bara na sayi wancan littafin Tintin sabo, na ba ɗiyata mai shekara tara. Ta kwanta a kan tabarma ta karanta shi zama ɗaya. Da ta kai wani wuri na ga ta riƙe gefen takarda ta ƙi juyawa, sai da ta ɗago ta dube ni tukuna, sannan ta juya.