Hoton da ke Ɗakin Baba

A ɗakin mahaifina, nan cikin birnin Sakkwato, akwai wani hoto baƙi da fari da ke rataye tun kafin a haife ni. Dutsen Kwatarkwashi ne, wanda ke gabas da Gusau. Shi da kansa ya ɗauke shi da kyamarar aro, tun wurin yana cikin Jihar Sakkwato, wato kafin a yanke Zamfara a 1996. Gindin dutsen ya ɓace cikin wani farin abu, sai kansa kurum ya leƙo, baƙi ƙirin, kamar an aza shi bisa auduga.

Mu nan ba mu da dutse irin wannan, saboda haka duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ce, "Kai, wannan hazo ya yi kyau!" Ni ma hazo na ɗauka. Har na taɓa cika baki gaban abokaina a jami'a, na yi musu bayanin yadda iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, na kuma gwada Baba da Ansel Adams, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen ɗaukar duwatsun Yosemite. Ƙuruciya dangin hauka!

Bara, muna gyaran ɗakin bayan rasuwarsa, sai Inna ta ce mini, "Wane hazo? Hayaƙi ne." Ashe mafarauta ne suka cinna wa daji wuta don su koro gafiya, iska ta juya, wutar ta cinye dammunan dawar wansa da ke jibge a gona, noman shekara ɗungum. Mutane na ta bugun wuta da ɗanyen ganye, shi kuwa Baba, da ya je ganin gida, yana tsaye nesa yana neman inda dutsen zai fi fitowa. Shekara biyu wan nasa bai yi masa magana ba.

Fim baƙi da fari ba ruwansa da launi, yawan haske kaɗai yake kamawa. Jar ƙura da hayaƙin dawa duk toka-toka suke fitowa in an wanke. Abin da ya fi damuna shi ne, ko da na san gaskiyar, hoton bai rage kyau a idona ba.

Da 'ya'yan baffan nawa za su zo ta'aziyya, na sauke shi na sa a akwati. Inna ba ta ce komai ba. Ƙusar tana nan a bango har yau.