Takardun Kare

Maƙwabci, in damina ta faɗi a Damargu, ka zauna bakin titin da ya taso daga Damagaram ya ratsa Tanut ya nufi Agadas, ka kalli masu ƙaura. Makiyaya ne ke barin yankin gonaki suna yin arewa. Raƙumi a gaba, ɗauke da sandunan bukka da tabarmi. Jakuna a baya da salkunan ruwa. Ɗan akuyar da aka haifa jiya yana cikin mangala, kansa kaɗai ke waje. Can ƙarshen ayari sai kare. Babu igiya a wuyansa, babu wanda ya kira shi. Yana tafe a inuwar jakin ƙarshe, harshe a waje.

A Yamai ma ana ƙaura da kare, amma ta sama. Ma'aikacin ofishin jakadanci, ko na ƙungiyar agaji, ko ɗan ƙasa da ya samu aiki a Turai, in lokacin tashi ya yi yakan ƙi barin karensa. Sai a sa shi a akwati a kai filin jirgin Diori Hamani. Tun watan Agusta na 2023 da Air France ta daina sauka Yamai, hanyar ta ƙara tsawo. Karen da za shi Faransa sai ya yada zango a Kasablanka ko Istambul.

In ka ba da wannan labari a rumfar mai shayi, jirgin kaɗai ake riƙewa. Ana tafa hannu, ana cewa kare a jirgi! Ni jirgin bai ɗauki hankalina ba. Tafiyar yini guda ce. Takardun ne ke cin wata huɗu.

Ga yadda abin yake ga mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai daga Nijar ko Najeriya. Da farko likitan dabbobi zai cusa wa karen wata ƴar na'ura a ƙarƙashin fata, wajen wuya. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tana ɗauke da jerin lambobi 15, kuma lambar ce sunansa a kowace iyaka. Sannan a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, amma sai ya cika mako 12 da haihuwa. A jira kwana 30. A ɗebi jininsa a aika wani ɗakin gwaji da Turai ta amince da shi, irin na birnin Nansi a Faransa, a duba ko allurar ta kama. In ta kama, a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Bayan nan ne likitan gwamnati zai sa hannu a takardar lafiya. Ita kuma kwana 10 ne ranta. In jirgi ya saɓa har kwanakin suka wuce, a koma wajen likita.

Amurka na da nata. Tun 1 ga Agusta 2024, ba kare da zai shiga sai ya kai wata shida. Nijar da Najeriya suna cikin jerin ƙasashen da take ɗauka masu haɗari. Karen da aka yi wa allura a nan ba ya sauka a kowane filin jirgi, sai wanda ke da wurin duba dabbobi na musamman. In babu sakamakon gwajin jini, a killace shi kwana 28.

Akwatin ma da dokarsa. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta ce dole kare ya iya miƙewa tsaye a ciki, ya juya, ya kwanta. A ɗaura masa mazubin ruwa a ƙofa. Ba a son a ba shi maganin barci, don yana iya taɓa numfashinsa a sama. Ƙaramin kare, wanda shi da jakarsa ba su wuce kilo takwas ba, wasu kamfanoni na barinsa ya zauna ƙarƙashin kujera. Babba kuwa ɗakin kaya ake kai shi, kusa da akwatunan tufafi.

Na san abin da ke bakinka. Samarinmu na Tanut da Gangara da Tarka suna bin wannan titi zuwa Libiya a bayan Hilux, ƙafafu na reto, kuma babu wanda ya auna musu wurin juyawa. Gaskiya ne, kuma da ciwo. Sai dai ban ga laifin mai karen ba. Mutumin da dabba ta tsare masa ƙofa shekara da shekaru, ya ƙi jefar da ita a titi ranar tashi, ya yi abin da ya kamata. Bafulatanin da ke wucewa gabanmu ma bai bar nasa a tsohon masheƙari ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, karnukan Sahel sun daɗe da hawa jirgi. Ka san dogon karen nan mai siririn ciki da ake gani a zangon Buzaye. Turawa suna kiransa Azawak, da sunan kwarin da ke yamma da mu, tsakanin jihar Tawa da ƙasar Mali. A farkon shekarun 1970 wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya ya tafi da su gida. Sojoji da ma'aikatan Faransa suka kwashi wasu. Wajen 1980 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta yi masa rajista da lamba 307, ta rubuta Mali da Nijar a matsayin mahaifarsa, ta ba Faransa riƙonsa. A 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta karɓe shi cikin masu shiga gasa. An rubuta tsayin namiji, santimita 64 zuwa 74, nauyi kilo 20 zuwa 25. Har ramar da muke ɗauka yunwa ce an sa ta cikin ƙa'ida. Ana son a hango ƙashi da tsoka ta ƙarƙashin fata.

Danginsa da suka rage a nan aiki suke yi. Su kori dila daga ƴan raguna, su yi haushin baƙo da dare, su kamo zomo. Addini bai hana wannan ba. An halatta kare don kiwo da noma da farauta, kuma malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikinsa najasa ba, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Yaro na makarantar allo ya san karen Ashabul Kahfi, ya san mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk da haka a cikin gari rabonsa kaɗan ne. Ƙanzon tuwo, da dutse in ya matso.

To, koma kan takardun nan ka duba da kyau. Na'urar wuya, allura, gwajin jini, jiran wata uku, duk tsoron abu ɗaya ne. Ciwon haukan kare. Ana jiran watannin ne don cutar na iya ɓoyewa a jiki tsawon lokaci kafin ta bayyana. Yammacin Turai ta raba karnukanta da ita, ba ta son ta dawo. Ingila ta yi kusan ƙarni tana tsare duk karen da ya shigo wata shida, sai a 2000 ta fara sassautawa. Abin da suke tarewa a iyaka da hatimi yana yawo a bayan kasuwarmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne. Huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba, don su ne ke wasa da kwikwiyo, su ne kuma ke ɓoye ciwo kada a yi musu faɗa. Da zarar alamu sun fito, tsoron ruwa da dalalar miyau, magani ya ƙare. Alhali rigakafin tsoho ne. Louis Pasteur ya fara gwada shi kan wani yaro a watan Yuli na 1885.

Mu ma ba baƙin takardar dabba ba ne. A 1998 ƙungiyar CEDEAO ta tsara takardar da garke zai ƙetare iyaka da ita, mai nuna yawansa da alluransa. Kowace shekara ma'aikatan kiwo suna zagaya rijiyoyin Tanut da Balbeji suna yi wa shanu da tumaki da awaki da raƙuma rigakafi kyauta. Makiyayi kan kwana a layi don saniyarsa. Karen da ya rako garken yana kwance a gindin aduwa yana kallo.

Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar na yankewa. Ba a bukatar akwati ko na'urar wuya ko gwajin Nansi. Allurar da ke buɗe wa kare guda ƙofar Faransa ita ce dai za ta tsare yaran unguwa, in ta iso cikin sanyi, aka samu mai riƙe karen. Wannan ne abin da ya kamata mu roƙa wajen hukumar gari da ma'aikatan kiwo, ko da sau ɗaya a shekara, ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware wa cutar.

Kafin nan, ka gaya wa mutanen gidanka. In kare ya ciji yaro, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a kama hanyar likita a ranar, ko da kan amalanke ne.