Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, wata tambaya ta shigo zaman hirarmu, mu malaman makarantar boko: shin ya dace a koya wa yara ilimin tsaro cikin aji?

Abokan aikina sun kasu biyu. Wasu na cewa aikin soji da jandarma ne, malami alli gare shi, ba bindiga ba. Suna tsoron a dasa fargaba cikin zuciyar yaro, ko a ɗauki malami ɗan leƙen asirin hukuma a ƙauyen da yake kwana shi kaɗai. Wanda ya san yadda ɗaruruwan makarantu suka rufe a jihar Tilaberi ba zai rena wannan tsoro ba. Wasu kuwa na ganin ɗan Madarumfa ko Gidan Rumji ya riga ya ji labarin masu satar mutane a bakin rijiya, shirun malami ba zai kare shi ba.

Ni ina tare da na biyun, amma ina ganin mun ƙuntata ma'anar tsaro. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamban wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Ba maharin da ya zo. Wuta ce da zana da ruɗewa.

Don haka darasin da nake nufi na sabo ne. Yaro ya san ƙofar fita, ya saba fita cikin layi ba turereniya, ya san wurin taruwa. Ya san ba a taɓa baƙon ƙarfe a daji, ba a bin wanda ba a sani ba. A maimaita har ya zama jiki, kamar wanke hannu kafin cin tuwo.

Sai dai kada hukuma ta laɓe bayan wannan darasi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Oslo ta kare makarantu tun 2015. Mu za mu koya wa yaro yadda zai fita daga ajin da ya kama wuta. Gina ajin da ba ya kamawa kuwa, nauyin gwamnati ne.