Murafan Kwalba Goma Sha Ɗaya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne a cikin birnin Kano, kuma a aljihun gefen rigarsa ba a rasa murafan kwalbar lemo guda goma sha ɗaya. Idan an idar da sallar Isha'i, majalisa ta haɗu a teburin mai shayin bakin layinmu, sai ya ture gwangwanin madara gefe, ya share jiƙar teburin da tafin hannu, ya jera su: ɗaya a can baya shi ne gola, huɗu a gabansa, huɗu a tsakiya, biyu a gaba. Abokan karawa kuwa da tsinken ashana yake yin su. Akwai murfi guda da ya lanƙwashe a gefe, shi ne kullum lamba goma, kuma Kawu ba ya yarda kowa ya taɓa shi.

Ina ɗan shekara goma sha shida na fara zama a ƙarshen bencin nan, a shekarar 2008. Ba a ba ni bakin magana ba. Aikina ɗauko wa manya ruwa da riƙe rediyon mai shayi ta inda ta fi kamawa. Amma a nan na koyi kallon ƙwallo, domin kafin sannan gudun 'yan wasa kawai nake gani.

Majalisar tana da ƙa'ida ɗaya da ba a rubuta ba. Duk wanda ya buɗe baki zai soki ɗan wasa ko koci, sai an tambaye shi: "Ka gani, ko an gaya maka?" In ya ce an gaya masa, to tambaya kawai aka yarje masa a daren, hukunci na waɗanda suka sha rana a fili ne. Ita ce ta sa na riƙa tara kuɗin aike don in sami na shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, in na dawo in zauna cikin waɗanda suka gani.

Dattijon majalisar, wanda kowa ke kira Baba, shi ke riƙe da tarihi. A wajensa Kano Pillars 'yar jiya ce. Yakan ce mu da muke ihun "Sai masu gida" ba mu san Kano ta taɓa cin gasar ƙasa tun ba a haife mu ba, lokacin da Raccah Rovers ta ɗauki kofi a 1978. A shekarar ce kuma Pele na Brazil ya zo Najeriya ya sa rigar Fluminense, aka kara da Raccah a Kaduna, kuma Baba ya shiga mota ya je ya gani da idonsa. Ya ba mu labarin ya fi a ƙirga, ba mu taɓa gajiya ba. Daga bakinsa na fara jin cewa a 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka tayar da Pillars, kuma shekara ɗaya bayan haka ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi ta Maiduguri ta doke ta. Yakan kawo sunan Ahmed Garba Yaro Yaro ya yi shiru kaɗan, ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu ba su ga ƙafa ba. Da Kadiri Ikhana ya ciyo mana gasar Firimiya a 2008, bayan shekara goma sha takwas ana jira, Baba bai yi tsalle ba kamar sauran mutane. Cewa ya yi shekara talatin ke nan rabon kofin nan da Kano, Allah ya nuna masa dawowarsa. Ranar shi ya biya wa kowa shayi.

Musun da ya fi daɗewa a teburin, wanda har yau ban ce an kashe shi ba, tsakanin Kawu ne da wani maƙwabcinmu direban babbar mota mai ɗaukar kaya zuwa kudu. Kawu ɗan ƙwallon ƙasa ne. A ganinsa, ƙungiyar da ta taso daga Aba ko Fatakwal ta kwana a hanya, aka sa ta fili ƙarfe huɗu cikin ranar Kano ko busasshiyar iskar hunturu, ba ta buƙatar a yi kokawa da ita. Sai ya ɗora yatsa a kan lanƙwasasshen murfin nan ya riƙa zagaya shi tsakanin tsinkayen ashana yana cewa, "A bar ƙwallo ta yi gudu, su bi ta. Minti sittin kawai, maƙogwaronsu zai bushe, sai a buɗe ta gefe." Ba ya son ganin ɗan baya ya ɗaga ƙwallo sama ya jefa gaba ba lissafi. Cewa yake wannan sadaka ce aka bai wa abokin gaba.

Direban ba ya musun wannan a gida. Shi maganarsa a kan wasan waje take, domin shi kaɗai ne a cikinmu ya sha kallon Pillars a Enugu da Owerri da Aba, idan lodi ya tsayar da shi a can. Yakan ce, "Malam Tela, kai filin gidanku ka sani. Ni na ga inda ruwa ke sauka tun asuba, ƙwallo ta faɗi a taɓo ta tsaya cak. Wane fasin za ka yi a nan?" Sai ya miƙa hannu ya janye murfi ɗaya daga gaba ya mayar da shi tsakiya, ya matse sauran wuri guda, ya ce a rufe ƙofa, a ɗauko maki ɗaya a dawo gida. Kawu ya mayar da murfin inda yake, shi kuma ya sake janyewa. Haka za su yi ta yi har shayin gabansu ya huce.

Da ƙuruciya bayan Kawu nake, don nasa salon ya fi daɗin kallo. Yanzu da na yi shekaru ina bin gasar nan, na san direban ya fi kusa da gaskiya. A Najeriya kusan kowa zaki ne a gidansa, kofi kuwa yana hannun wanda ya iya tsinto maki a gidan wasu.

Shekarar 2009 ce ta gwada maganar kowa. Aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, ita ce mai riƙe da kofin, ga Aboutrika a cikinta. Aka tashi 1-1 a wasan gida, mutane da yawa suka ce tafiya ta ƙare. Daren wasan Alƙahira majalisa ta cika har da waɗanda ba mu saba gani ba. Da labari ya tabbata an tashi 2-2, wurin ya ɗan yi tsit, saboda wasu ba su gane ko mun wuce ko an fitar da mu ba. Malamin firamaren da ke zama da mu, wanda ke da wani littafin rubutu mai baƙin bango da yake shigar da sakamakon kowane wasa, shi ya miƙe ya yi lissafi da ƙarfi: uku da uku ne jimla, amma mu mun ci biyu a gidansu, su ɗaya suka ci a namu, saboda haka mu muka wuce. Bai rufe baki ba layin ya kaure. Na tuna mai shayi ya bar ƙwai yana ƙonewa a kasko. Kawu ya juya ya dubi direban ya ce, "Da mun rufe ƙofa, da wa zai ci biyun nan?" Direban ya yi dariya ya ce yau dai ya ba shi.

Muka fito daga rukunin da ya haɗa mu da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan Heartland ta Owerri, 'yar gida irinmu, ta zuba mana 4-0, ta sake cin mu 1-0 a wasa na biyu. Daren huɗun nan Kawu ya jera murafansa kamar kullum, ya zuba musu ido, bai motsa ko ɗaya ba. Direban ma, da yake da abin faɗa, bai faɗa ba. Sai bayan kwana biyu suka zauna suka bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga wani siririn yaro ya zo daga Jos, Ahmed Musa. Musu ya koma kansa: a gefe za a bar shi ya yi ta tsere da 'yan baya, ko a matso da shi bakin raga? Kawu ya ce gudun yaron nan fili yake so, in ka cusa shi cikin manyan 'yan baya ka ɗaure shi. Malam ya buɗe littafinsa ya ce ko ina aka ajiye shi ci yake yi. Ƙwallo 18 ya zura a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar, daga nan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Ranar da ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, a gidan kallo muka gani, amma a teburin mai shayi muka yi murnar, kowa yana tuna inda yake zaune a Ƙofar Mata ranar da ya fara ganin gudun nan.

Shekaru uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kofi bai bar Kano ba, biyu a hannun Baba Ganaru, na uku a hannun Okey Emordi. A lokacin na samu bakin magana, kuma maganata ta farko a kan Rabi'u Ali ce. Matasa suna cewa Gambo Muhammad ne ƙungiyar, don shi ke jefa ƙwallo a raga, wasu ma suna cewa Rabi'u tafiya yake yi a fili. Na ce ni na zauna wasa guda ban kalli ƙwallo ba, shi na kalla. Kafin ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga hagu da dama, ya san inda za ta tafi, shi ya sa ba ya buƙatar gudu. Kawu bai ce komai ba. Ya turo lanƙwasasshen murfin gabana, ya ce in nuna wa mutane inda Rabi'u ke tsayawa. Baba kuma, da ya ga Pele na asali, ya ce sunan Pele da 'yan Kano suka laƙaba wa yaron nan bai yi masa nauyi ba.

Shekarar 2015 ta zo mana da baƙin ciki biyu. A watan Maris 'yan fashi suka tare motar ƙungiya a hanyar zuwa Owerri, suka harbi 'yan wasa, har da Gambo. Daren nan ba a fito da murafai ba, addu'a aka yi aka watse. A watan Agusta kuma Nasarawa United ta zo har gida ta ci mu 2-1, ta kawo ƙarshen wasa 202 na gasar Firimiya da muka yi a jere ba a doke mu a gida ba, tun 2003. Malam ya rubuta sakamakon, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Direban ya samu tasa ranar a 2018, sai dai ba ranar da yake so ba. A wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, mun ci Rangers ta Enugu uku ba ko ɗaya, suka farke duka ukun, suka cinye mu a bugun fenariti. Ya ce, "Uku a hannu, Malam Tela. Wa ya hana a rufe ƙofa?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce gaskiyarka. Shekara ta zagayo muka doke Niger Tornadoes a Kaduna, a fenariti mu ma, muka ɗauki kofin karon farko. Su biyun a mota ɗaya suka je suka dawo.

A tsakanin shekarun nan benci ya riƙa raguwa. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gidajen kallo suka yawaita a unguwa, matasa suka koma Arsenal da Chelsea da Manchester United da Barcelona, daga baya wayar hannu ta zo ta ɗauke sauran. Ni ma ina kallon ƙwallon Turai, kuma ina jin daɗinta. Abin da ke damuna shi ne in ji yaro yana jero 'yan bencin ƙungiyar Landan, amma bai san wanda ya tsare wa Pillars raga ranar Lahadi ba, ga filin kuwa da ƙafa ma zai iya zuwa. Musun nasu ma da yawansa maimaicin abin da suka ji a waya ne. Da Kawu ne a wurin, tambaya ɗaya zai yi musu.

Da muka faɗi daga Firimiya a 2022, Kawu bai tsaya kan koci ko 'yan wasa ba. Ya ce a kakar nan an kwashe mana maki an kuma hana mu filinmu saboda ɓarnar wasu da ke kiran kansu magoya baya, kuma wanda ya jefi motar baƙi ƙungiyarsa ya jefa. Ina tare da shi a kan wannan har gobe. Mun dawo a 2023, daga baya Ahmed Musa ma ya dawo ya sa rigar ɗorawa da kore, amma idon Kawu ya yi rauni, ya bar keken ɗinki, ya bar zuwa fili. Yanzu ni nake zuwa in dawo in zauna kusa da shi a soro, in jera masa murafan a kan tabarma, yana lalubawa da yatsa yana tambaya ta wane gefe aka shigo mana.

Littafin Malam mai baƙin bango yana nan a hannun iyalinsa, kuma na tabbata akwai irinsa da tsofaffin hotuna a gidaje da yawa a Kano. Masu su su adana, su bari matasa su gani. Kai kuma mai karatu, in kana gari ranar da Pillars ke wasa a gida, ka biya kuɗin ƙofa ka shiga Ƙofar Mata, ka riƙo hannun yaro ɗaya ku je tare.